Motar Da Yaya Ta Sayo Daga Waje

Shafi na 19

Masu cika min waya da "wai jirgin bai iso ba ne?", ku sassauta min haka, ya iso. Wanda yau ya fara leƙowa kuma, ga inda muke. Likita, mai aikin fiɗa a babban asibiti, ta yi shekaru tana burin motar tsere mai ƙofa biyu. Kawunmu dillalin motoci yana da wata ja a wurinsa, ya yanka mata kuɗin da ya sa ta nemi kujera ta zauna. Sai Yayata, wadda ke riƙe da garejin Babanmu tun da idonsa ya fara rauni, ta ce a bar ta ta je ƙasar waje da ƙafarta ta sayo irinta, duk da kuɗin jirgi da na kwastan ba zai kai rabin na Kawu ba. Kawu ya ƙullace ta. Dama ya daɗe yana zuga Baba ya sallama masa garejin ya mayar da shi wurin baje motoci, wai mace ba za ta iya da shi ba. Baba ya ce motar ce za ta raba gardama. In ta iso lafiya, makullin gareji na Yaya ne. In gawa ta sayo, Kawu ya ɗauka.

Ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintuna tirelar ta karyo kwanar layinmu, kwantena a bayanta, fentinsa duk ya koɗe da iskar teku.

Ni tun safe na rufe shagon ɗinkina na taho, don zama ya gagare ni. Baba na kan bencinsa a bakin ƙofa, sanda tsakanin gwiwoyinsa. Kawu ya riga kowa zuwa, ya sha farin yadi, yana zagaya garejin da tef ɗin awo, wai yana duba inda zai sa gilashi.

Yaya ko kallonsa ba ta yi ba. Tana cikin kayan aikinta, ta ɗaure ɗankwali tamau, tana yi wa direban tirela nuni da hannu.

"Dawo baya. Kaɗan. Karya hagu. Tsaya nan."

Bayan tirelar ya zo daidai da wata gadar ƙarfe da ta sa mai waldanmu ya haɗa tun makon jiya. A waya ta tambayi direban tsayin motarsa daga ƙasa, ta zana a bayan kwali, aka yanka aka liƙa. Ko yatsa ba zai shiga tsakaninsu ba.

Direban ya sauko ya duba, ya sake dubawa.

"Wa ya auna wannan?"

"Ita," in ji mai walda.

"Shekarata ashirin ina sauke kaya. Kullum sai an nemo ƙugiya ko a tara ƙarti. Yau na ga sabon abu."

Kawu ya ja tsaki.

"Gada muka zo gani ko mota?"

Daidai nan tasi ta sauke Likita. Daga ɗakin fiɗa ta fito, ko koren kayan ba ta tsaya cirewa ba, takalman roba a ƙafarta. Shekarunta hamsin da biyar, amma yadda ta tsallake kwatar bakin ƙofa sai ka ce 'yar makaranta.

"Kun buɗe?"

"Ke muke jira, Likita," in ji Yaya. "Kayanki ne."

Ta karanta lambar da ke jikin hatimin ƙofar, ta gwada da ta takardar kwastan, ta miƙa wa Likita ita ma ta gani da idonta. Sannan ta sa almakashin ƙarfe ta datse.

Ƙofofin suka buɗe da ƙara. Zafi ya fito da warin roba. Can ciki ga ta, an ɗaure tayoyinta huɗu da igiyoyi masu faɗi, an tokare su da katako, an lulluɓe ta da wani tsohon bargo mai ratsi.

Yaya ta shiga ita kaɗai. Ta kwance igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ta cire katakan, ta zauna ciki ta riƙe sitiyari, mai walda da direba suka turo ta a hankali ta bi gadar ta sauko tsakar gareji. Sannan ta janye bargon.

Shuɗiya ce, irin shuɗin nan mai duhu da sai rana ta taɓa shi yake nuna kansa. Ƙasa-ƙasa take, rufinta bai kai ƙirjina ba. Hancinta dogo, bayanta gajere, tayoyin baya kusan biyun na gaba a faɗi. Masu shagunan layin suka fara taruwa a bakin ƙofa.

Likita ta ɗora tafin hannu a kan rufin ta shafa.

"Ina 'yar shekara sha tara na yanki hoton irinta a wata mujalla," ta ce, ba ta kalli kowa ba. "A cikin littafin karatun ƙashi na ɓoye shi."

"Fenti ai kowa ya iya shi, ranki ya daɗe," in ji Kawu. "A tada ta mu ji."

Kafin wani ya ce wani abu ya zare makullin daga hannun Yaya, ya tattare yadinsa ya dunƙule ya shiga. Sai da hularsa ta bugi rufi. Ya murɗa.

Shiru.

Ya sake murɗawa. Ko fitila ɗaya ba ta kama ba.

Na kalli Baba, na ga ya ƙanƙame sandarsa.

Kawu ya fito yana dariya har da riƙe ƙofa.

"Jama'a ku shaida. An tsallake teku an sayo mana akwatin gawa mai taya huɗu. Ban faɗa ba? Arha a waje ba kyauta ba ce. Ni da na yi shekara talatin a kasuwar nan ban san hanyar jirgi ba ne?"

Mutanen bakin ƙofa suka fara ƙus-ƙus. Likita ta juyo ta kalli Yaya.

Yaya ta bar shi ya gama dariyarsa. Ta goge hannu da tsumma.

"Kawu, ka gama?"

"Me kuma ya rage?"

"Ba ni makullin."

Ta zagaya baya ta buɗe but, ta ɗaga wani ɗan murfi. A nan batir ɗin motar yake, ba a gaba ba. Kan wayarsa a cire, an naɗe shi da salatif.

"Jirgin ruwa ba ya ɗaukar mota da batir a haɗe, Kawu. Mai ma sai an zuƙe. Ni na cire wayar batir ɗin da hannuna a tashar can."

Wani daga bakin ƙofa ya yi dariya, ya maza ya mayar da ita tari.

Ba ta yi gaggawa ba. Ta ɗaura wayar ta matse da sifana. Ta zuba fetur daga jarka. Ta ɗaga bonet ta zaro sandar auna mai, ta goge, ta mayar, ta sake zarowa ta ɗaga ta a rana. Ta leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigo. Duk wannan Kawu na tsaye yana kaɗa ƙafa.

Da ta gama sai ta tafi wurin Baba ta durƙusa.

"Baba, kai za ka fara tada ta."

"Mai mota na tsaye, ke kuma ki ce ni?"

"Na bar maka, Baba," in ji Likita. "Ka fi ni sanin muryar inji."

Ni na kama shi ta dama, Yaya ta hagu, muka zaunar da shi. Ya bi sitiyarin da yatsu, ya bi giya, ya laluba har ya sami ramin makulli da kansa. Ya yi bisimilla ya murɗa.

Ƙarar ta fara daga ƙasa, kamar wani abu mai nauyi ya farka a ƙarƙashin siminti, sannan ta cika garejin. Sifanonin da ke rataye a bango suka hau kaɗawa. A ƙirjina na ji ta kafin kunnena. Mai walda ya cire hula ya riƙe a hannu, shi kansa bai san ya yi ba.

Baba ya rufe ido, ya karkatar da kai. Ya taɓa totur kaɗan, ya saki. Ya sake taɓawa. Minti guda cur yana saurare. Sannan ya kashe.

"Injin nan ba a taɓa buɗe shi ba," ya ce. "Wanda ya riƙe ta yana son ta. Amma akwai bel ɗin da ke kuka ƙasa-ƙasa ta hagu. Ya kusa gajiya."

Kawu ya yi wuf.

"Kun ji ko? Daga bakin uban nata. Tun ba a je ko'ina ba an fara lissafa cuta."

Yaya ta miƙa hannu bayan kujera ta ɗauko wani ɗan kwali, ta ɗora a cinyar Baba. Ya buɗe, ya shafa. Sabon bel ne, ko ledarsa ba a cire ba.

"Tun can na ji shi, Baba. Kayan ya fi arha a can, aikin ya fi arha a nan. Sai na sayo kayan na taho da hannuna."

Baba ya fashe da dariya har sai da ya share ido da bakin riga. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin a ce masa ya daina tuƙi.

"Kunnen nan ni na ba ta," ya ce wa Likita. "Wayon kuma ban san inda ta samo ba."

Na ɗauka Kawu zai haƙura a nan. Ina. Ya matso ya nuna motar da tef ɗin hannunsa.

"Ranki ya daɗe, bar batun ƙara. Babu mai sayar da irin wannan motar a kuɗin da yarinyar nan ta faɗa sai in ruwa ya ci ta. Ambaliya ake yi a can, a kwashe motocin a wanke a fesa turare, a tura wa irinmu. Yau za ta tashi, nan da wata uku ki same ta tana hayaƙi."

Fuskar Likita ta canja.

"Haka ne?"

"Ana yi," in ji Yaya. "Kawu bai yi ƙarya ba. Zo ki duba da kanki, hannunki ya fi nawa sanin ciki."

Ta buɗe ƙofar direba.

"Ja bel ɗin kujera. Ci gaba da ja, har ya ƙare. Mai wanki abin da ido ke gani yake wankewa. Ƙarshen bel a naɗe yake cikin bango. In ruwa ya taɓa shiga, zai bar layi, kamar yadda shayi ke bari a kofi."

Likita ta ja har ya tsaya. Ta juya shi gaba da baya. Baƙi ƙirin, ba tabo.

"Yanzu ɗaga kafet, nan inda ƙafa ke zama. Sa hanci."

Babbar likita ta durƙusa a simintin garejinmu ta cusa kai ƙarƙashin sitiyari.

"Fata nake ji. Da... sigari?"

"Na tsohon mai ita ne. Matarsa ta ce shekara takwas suna faɗa a kai."

Ta ba ta tocila ta ce ta haska ƙarfen da kujera ke gudu a kai, ta duba kawunan kusoshin. Fari tas, babu tsatsa.

"Mota goma sha ɗaya na duba a kwana tara," in ji Yaya. "Biyu daga ciki sun fi wannan sheƙi, sun fi ta arha. Na kwanta a ƙarƙashinsu na ga laka a inda laka ba ta zuwa, na tashi na kakkaɓe rigata. Wannan a gidan wata tsohuwa na same ta. Mijinta ya rasu bara, ita ba ta tuƙi, kullum in ta shiga ɗakin mota sai ta yi kuka. Ba kuɗi take nema ba, wanda zai riƙe ta take nema. Na nuna mata hotonki da kayan asibiti. Ita ta ba ni bargon nan, ta ce kada ta ji sanyi a teku."

Ta zaro wani littafi mai bangon fata daga aljihun gaba.

"Littafin sabis. Shekara goma sha biyu, bai tsallake ko sau ɗaya ba."

Ni na san abin da ba ta faɗa ba. Na ga yatsunta a waya lokacin, sun tsattsage da sanyi. Na san a ɗaki mai gado shida ta kwana da baƙi, da burodi da ruwan zafi ta rayu, don kada ta taɓa kuɗin Likita ko da na cin abinci. Da ta dawo sai da na rage mata wuyan riguna biyu.

Likita ta miƙe, gwiwoyinta duk baƙin mai. Ta rungume Yaya a gaban kowa.

Baba ya buga sanda a ƙasa sau biyu. Aka yi tsit. Ya laluba aljihu ya ciro tarin makullan nan da tun muna yara muke jin ƙararsu kafin mu ga shigowarsa gida.

"Zo nan."

Yaya ta durƙusa.

"Babban na ƙofar waje ne, sai kin ɗaga ƙofar kaɗan yake shiga. Kin sani. Sauran ma duk kin sani." Ya damƙa mata. "Na daɗe da sanin naki ne. So nake su ma su sani."

Ta karɓa da hannu biyu. Sai ta ɗora goshinta a gwiwarsa. Ni kam tuni na jiƙa gefen mayafina.

Likita ta juya wurin Kawu, tana murmushin da ban so ba.

"Yallaɓai, yanzu da na koyi aiki, mu je wurinka in ja bel ɗin jar nan taka. In ga abin da na kusa saya."

Tef ɗin ya zame daga hannun Kawu ya faɗi.

"Ai... ai makullin na wurin akawuna."

"Sai mu kira shi."

Yaya ta miƙe da sauri ta shiga tsakaninsu.

"Likita, ai kin sami taki, bar ta kowa. Zauna ciki ki saita kujera da madubi, yanzu zan zo mu zaga. Kawu, zo ofis ka duba min wata takarda. Auta, kawo masa ruwa."

Ofishinmu ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur ɗaya, kujera biyu, kanta cike da kwalayen fulogi da matatar mai, da fanka mai kuka. Na shigo da ruwan, Yaya ta yi min alama in rufe ƙofa in tsaya.

"Zauna, Kawu."

"Minti biyar da ba ki makulli, har kin fara ba ni umarni?"

"Roƙo nake."

Ya zauna a bakin kujera. Ta buɗe durowa ta ciro ambulan ta ajiye a gabansa.

"Ranar da Likita ta turo min hotunan jar motarka, lambar jikinta ta fito a ƙasan gilashin gaba. A can akwai inda ake biyan 'yan kuɗi kaɗan a ba ka tarihin kowace mota. Na sa lambar ne kawai don in san da me zan gwada tawa."

Bai taɓa ambulan ɗin ba. Ita ta buɗe masa.

Na leƙa ta kafaɗarsa. Hoton filin ajiye motoci ne da ruwa ya shanye. A tsakiya ga rufin wata jar mota, shi kaɗai ya rage a sama.

"Kwana huɗu ta yi a cikin ruwan teku. Kamfanin inshora ya rubuta a nan: a farfasa a sayar da kayan, kada ta sake hawa titi."

Kawu ya ɗauki hoton ya kawo shi kusa da ido.

"Wakilina ya ce taya kawai ruwan ya taɓa."

"Ƙarya ya yi maka."

"Na san dai ta ɗan jiƙe. Wari na ji, na sa aka canja kafet. Amma wallahi ban san ta nutse ba."

"Na yarda. Shi ya sa na kira ka sau bakwai daga can. Na tura saƙo. Da na dawo na je wurinka sau biyu, maigadi ya ce ba ka nan, alhali ina hango ka ta gilashi."

Ya sunkuyar da kai.

"Na ɗauka gori kika zo yi min."

Fanka ta yi ta kukanta. Ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Takardar nan na durowarki tun yaushe?"

"Mako shida."

"Mako shida ina yawo da sunanki a gari, ina cewa ba ki san komai ba. Ɗazu a gaban mutane na kira motarki gawa. Da kin ɗaga takardar nan sau ɗaya, da na gama ciniki a garin nan. Me ya hana ki?"

Yaya ta jawo ɗaya kujerar ta zauna kusa da shi.

"Wa ya saya min akwatin sifana na farko, Kawu?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Ina 'yar shekara sha biyu. Kowa na cewa a kore ni daga gareji in koma kicin. Kai ka zo da shi a leda, ka ce in ɓoye ƙarƙashin gado kada Mama ta gani. Har yau da sifana lamba goma ta cikinsa nake aiki. Ita na ɗaura batir da ita ɗazu."

Kawu ya rufe fuska da tafukansa.

"Kuma kai ƙanin Mama ne. In na tona ka a titi, da wane ido zan shiga gida in kalle ta?"

Ban taɓa ganin Kawu ya yi ƙanƙanta haka ba. Na miƙa masa ruwan, bai karɓa ba, na ci gaba da riƙe kofin.

"Ga abin da za mu yi," in ji Yaya. "A ɗauko ta a kan tirela, kada a tuƙa. Mu wargaza ta a nan. Gilasai, ƙofofi, fitilu, tayoyi, duk suna da masu so. Ba za ka fita da riba ba, amma za ka fita da sunanka. Wakilin naka kuma, ina da takardun da za su sa ya yi bayani."

"Kada a tuƙa?" Muryarsa ta fito siririya.

"Ko zuwa bakin titi. Gishiri ba kafet yake ci ba, Kawu. Bututun man birki yake ci. Siriri ne kamar tsinken shan lemo. A fili za ka taka ka ji lafiya. Sai an yi gudu, ya yi zafi, an taka da ƙarfi, sannan ya fashe. Shi ya sa na roƙi maigadinka, duk ranar da aka ce za a fitar da ita ya kira ni."

Tana faɗa tana miƙa hannu ga wayarta da ta bari a caji tun safe. Ta kunna. Na ga fuskarta ta tsaya.

"Kawu. Me ya sa maigadinka ya kira ni sau shida?"

Ya kau da kai. Ta matso gabansa.

"Kawu, ina motar?"

"Na ji tsoro," ya ce. "Na san in taki ta iso, Likita za ta so ta gwada su. Sai na ce a ɗauke ta daga wurin, a kai ta gidan gonata a ɓoye kwana biyu."

"A kan tirela?"

Ya girgiza kai.

"Wa ke tuƙawa?"

Bai kalle ta ba. Ni ya kalla.

"Na rasa wanda zan amince wa ya rufe baki. Sai na kira mijin Auta."

Kofin ya kuɓuce min ya tarwatse a ƙasa.

Mijina malamin makaranta ne, watanmu takwas da aure. Ba shi da mota, amma ba abin da yake so a duniya kamarta, ko tasi muka shiga sai ya zauna gaba yana yi wa direba tambayoyi. Da safe ya ce min Kawu ya ba shi wani ɗan aike, yana ta murmushi, ya ƙi faɗa min ko mene ne. Hanyar gidan gonar Kawu kuwa na san ta. Awa ɗaya da rabi ce a babban titi, kuma bayan gada akwai dogon gangare mai kwana uku.

"Yaushe ya tashi?" in ji Yaya.

"Da tirela ta iso na ce ya tafi. Awa guda ke nan."

"Auta, kira shi. Sa a lasifika."

Na ciro wayata ina laluben lambarsa. Ta karɓa ta danna da kanta, ta ajiye wayar a tebur. Ta yi ƙara sau ɗaya. Sau biyu. Sau uku.

Ya ɗauka. Iska ce ta fara cika ɗakin, da gurnanin inji, sannan muryarsa cike da dariya.

"Auta, da kin san abin da nake tuƙawa yanzu, da kin..."

"Ƙanina, Yaya ce. Saurare ni, kada ka tsorata, kada ka yi min gardama. Gudu nawa kake?"

"Ɗari da ashirin. Lafiya, Yaya?"

"Ɗaga ƙafarka daga totur. A hankali. Akwai fitilar da ta kama a gabanka?"

"Akwai wata ja. Tun ɗazu take kamawa tana ɗaukewa, na ɗauka haka take."

"Kana ina?"

"Na wuce gada yanzu. Ga gangaren nan na fara."

Yaya ta rufe ido na ɗan lokaci. Da ta buɗe, muryarta na nan yadda take, kamar mai tambayar sifana. Da hannu ɗaya ta nuna min ƙofa, ta yi alamar murɗa makulli, ta nuna inda Likita take, wato in ce mata ta tada motar mu bi shi. Na kama hannun ƙofa, kunnena na kan wayar.

"Riƙe sitiyari da hannu biyu. Yanzu taɓa birki. Taɓawa kawai, ka faɗa min abin da ka ji."

Iska kawai muke ji. Kawu ya zame daga kujera ya durƙusa a cikin fasassun kofin.

"Yaya."

"Ina jin ka."

Dariyar ta bar muryarsa.

"Na taka. Ya tafi har ƙasa, babu komai a ciki."